Hagu, Dama da Siyasar Talakawan Kano

Duk wanda ya saba sauraron labaran duniya a sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare yakan ji ana cewa masu tsattsauran ra'ayin mazan jiya sun ƙara samun kujeru a majalisar Jamus, ko kuma ƙawancen masu ra'ayin gurguzu ya sha gaba a zaɓen Faransa. Turawa sun taƙaita wannan rabuwar kai da kalmomi biyu, hagu da dama, kuma a 'yan shekarun nan matasanmu masu muhawara a Facebook sun ɗauki kalmomin suna jifan juna da su, wannan ya kira wancan ɗan hagu, wancan ya mayar masa da cewa shi ɗan dama ne, alhali sau da yawa abin da suke gardama a kansa bai wuce wane ne ya fi cancanta tsakanin iyayen gidansu na siyasa ba. Abin da nake son dubawa shi ne ko wannan ma'auni yana da amfani a gare mu mutanen Kano. Ra'ayina shi ne yana da amfani, amma sai an kwance shi an sake ɗaura shi daidai da tarihinmu, domin garin nan ya yi siyasar aƙida tun kafin yawancinmu mu san ana kiranta da waɗannan sunaye.

Asalin rabon ya faro ne daga wurin zama. A shekarar 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, wakilan majalisar ƙasar sun yi ta muhawara a watannin Agusta da Satumba kan ko sarki zai riƙe ikon hawa kujerar na-ƙi a kan dokokin da majalisa ta zartar. Waɗanda ke son sarki ya riƙe ƙarfinsa, galibi 'yan sarauta da manyan limaman coci, suka taru a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage ikon sarki a miƙa shi ga wakilan jama'a kuma suka zauna a hannun hagunsa. Ke nan babu wata alaƙa tsakanin sunayen da falalar da addininmu ya bai wa hannun dama, tsarin kujeru ne kawai ya zama suna. Daga baya, da masana'antu suka bunƙasa a Turai a ƙarni na 19 aka samu miliyoyin leburori masu aikin sa'o'i da yawa a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, sai gardamar ta koma kan dukiya: wa ya kamata ya mallaki masana'anta da ƙasa, kuma yaya za a raba abin da aka samu. A nan ne tunanin Karl Marx ya shigo, aka samu gurguzu da kwaminisanci a ƙarshen hagu, jari-hujja da kare dukiyar mai dukiya kuma suka zauna a dama.

A taƙaice, mai ra'ayin hagu yana ganin bambancin da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, ko tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, aikin hannun mutane ne, don haka mutane za su iya gyara shi, kuma hukuma ce babban makamin gyaran: ta karɓi haraji mai nauyi daga masu hali, ta ba da ilimi da magani kyauta, ta tsaya wa ma'aikaci a gaban mai kamfani. Mai ra'ayin dama kuma yana ganin tsarin da aka gada, irin su iyali, addini, sarauta da kasuwa, ya ƙunshi hikimar da aka tara shekara da shekaru, rushe shi cikin gaggawa yakan haifar da ɓarnar da ta fi wadda aka zo gyarawa, kuma hukumar da ta cika shiga harkar kasuwa takan kashe zuciyar nema, ta buɗe ƙofar sata. Ban yarda da masu ɗaukar ɓangare ɗaya a matsayin na mutanen kirki, ɗayan kuma na azzalumai ba. Gwamnatin jam'iyyar Leba ce ta kafa tsarin kiwon lafiya kyauta a Birtaniya a 1948, wanda har gobe talakan ƙasar ke cin moriyarsa, amma kuma da sunan daidaita al'umma ne gwamnatin Stalin ta ƙwace gonakin manoma a Tarayyar Sobiyet har yunwa ta hallaka miliyoyin mutane a farkon shekarun 1930. Haka nan a dama akwai mai kishin kare mutuncin iyali da amanar dukiyar jama'a, akwai kuma irin Hitler.

Idan muka dawo gida, ranar 8 ga Agusta 1950 ce ranar da ya kamata kowane ɗalibin siyasa a Kano ya riƙe. A ranar ce wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin da Maitama Sule, suka kafa jam'iyyar NEPU a nan birnin, wadda marigayi Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Sanarwar Sawaba da jam'iyyar ta fitar ba ta ɓoye manufarta ba, domin ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma talaka ba zai samu 'yanci ba sai ya karɓi ragamar mulki da ƙuri'arsa. Dole mai karatu na yau ya san mene ne En'e a wancan zamani kafin ya fahimci nauyin wannan magana. Hukumar gargajiya ce ke da 'yan doka, ita ke da kotunan alƙalai, ita ke da gidan yari, ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Wanda ya yi wa hakimi tsaurin ido a dandalin siyasa da safe, yana iya tsayawa gaban alƙalin da ke ƙarƙashin wannan hukuma da yamma. An ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, kuma a Kano an samu gungun da aka sani da 'Yan Mahaukata waɗanda aikinsu shi ne tarwatsa tarukan jam'iyyar. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda neman a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a, damar da ba su samu a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979.

A ɗaya gefen akwai NPC ta Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa, wadda ta tsaya a kan cewa a gyara mulkin gargajiya sannu a hankali ba tare da an tumɓuke shi ba, a haɗa kan Arewa don kada Kudu da ta riga ta yi nisa a ilimin boko ta danne ta. Wannan rabuwa ta yi kama ƙwarai da ta majalisar Faransa, domin tambayar iri ɗaya ce: ikon sarki ko ikon wakilan talakawa. Idan a nan aka tsaya, NEPU hagu ce, NPC dama ce, magana ta ƙare.

Amma ba a nan take ƙarewa ba, kuma wannan ne wurin da nake ganin masu kwaso ma'aunin Turai ɗungurungum suke yin kuskure. A Faransa, hagu ta tashi ne da gaba da coci, domin coci na cikin manyan masu ƙasa kuma abokin tafiyar sarki ne, shi ya sa har yau ɗan hagun Turai yake ɗari-ɗari da shigar addini cikin mulki. A Kano kuwa, Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, mai tafsirin Alƙur'ani ne, kuma hujjar da ya fi kafawa a kan masu mulki ita ce sun kauce daga adalcin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi jihadi dominsa, tun da Shehun da kansa ya soki haraje-harajen zalunci na sarakunan Haɓe a rubuce-rubucensa. Magoya bayan NEPU ba leburorin manyan masana'antu ba ne irin waɗanda Marx ya yi magana a kansu. Teloli ne, da mahauta, da marina, da dukawa, da ƙananan 'yan kasuwar Kurmi, da malaman zaure da almajiransu, mutanen da ke da 'yar sana'arsu kuma ba su taɓa neman a soke mallakar dukiya ba, abin da suka nema shi ne a daina ƙwace musu ita. Ita kuma NPC da muka ajiye a dama, gwamnatinta ce ta kafa kamfanin raya Arewa, ta sa hannu a kafa masaƙar Kaduna da Bankin Arewa, ta buɗe jami'a a Zariya a 1962, ta kuma riƙe cinikin gyaɗa da auduga ta hannun hukumar sayen amfanin gona. Da za a kai wannan tsari gaban Margaret Thatcher, wadda ta cefanar da kamfanonin gwamnatin Birtaniya bayan hawanta mulki a 1979, da ta kira shi gurguzu. Ke nan a tarihinmu addini yana ɓangarorin biyu, hannun gwamnati a tattalin arziki ma yana ɓangarorin biyu, abin da ya raba su shi ne wa ke da iko a kan talaka, kuma wa zai tuhumi mai ikon idan ya yi zalunci.

Jamhuriya ta Biyu ce ta ba wannan aƙida damar gwada kanta a kan mulki. A 1979 jam'iyyar PRP ta ci jihohi biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu, da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, kuma cikin matakansu na farko akwai soke haraji da jangali. Wanda bai rayu a ƙauye a wancan zamani ba, zai yi wuya ya gane girman abin: magidanci kan sayar da hatsinsa da kaka a farashin wulaƙanci, ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya tsere cin rani, duk don tsoron ranar da mai unguwa zai zo karɓar kuɗin. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kuma ayyana ranar ɗaya ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta yi haka. Wannan siyasa ce da mutum zai iya faɗin manufarta tun kafin zaɓe, ya kuma auna ta bayan zaɓe. Sai dai ba ta zo da sauƙi ba. Majalisar Kaduna da 'yan NPN, jam'iyyar da ke mulkin ƙasa a lokacin, suka fi rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi a watan Yunin 1981, sannan ranar 10 ga Yulin wannan shekara, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a birni, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Jam'iyyar kanta ta dare gida biyu, 'yan Taɓo tare da Malam Aminu, 'yan Santsi tare da gwamnonin, kuma ko da yake akwai son rai da girman kai a rigimar, tushenta tambaya ce ta aƙida: da wa ya halatta jam'iyyar talakawa ta yi ƙawance, kuma da wane sauri za a yi sauyi. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, Allah ya jiƙansa, ba tare da ɓarakar ta ɗinke ba.

Bayan shekara shida, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta yi abin da nake ganin ya fi komai zubar da darajar wannan ma'auni a idon 'yan Najeriya. A 1989 ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasar da jama'a suka kafa rajista, ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta, SDP da aka ce ta ɗan karkata hagu da NRC da aka ce ta ɗan karkata dama, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Duk wannan yana faruwa ne alhali shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda aka fara a 1986, ya riga ya karya darajar naira, ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, ya buɗe hanyar sayar da kamfanonin gwamnati. Wato an riga an yanke hukunci a kan babbar tambayar da ke raba hagu da dama, sannan aka ce wa jama'a su zaɓi ɓangare. Duk da haka mutanen Kano sun nuna cewa tsohuwar tarbiyyar siyasarsu ba ta mutu ba, domin a zaɓen 12 ga Yuni 1993 jihar ta zaɓi Cif Moshood Abiola na SDP, Bayarabe daga Abeokuta, a kan ɗanta Alhaji Bashir Tofa na NRC.

Daga 1999 zuwa yau kuwa, ina ƙalubalantar duk wanda zai iya jera jam'iyyunmu daga hagu zuwa dama bisa manufa. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi mulki a PDP, ya koma APC a 2013 yana kan kujera, ya dawo PDP, daga baya ya yi takarar shugaban ƙasa a NNPP a 2023. Malam Ibrahim Shekarau ya yi gwamna a ANPP daga 2003 zuwa 2011, kuma shi ma ya ratsa jam'iyyu da dama bayan haka. Ba ina faɗin wannan don aibata kowa ba ne, domin sauya sheƙa ta zama ruwan dare game duniya a duk faɗin ƙasar. Abin lura shi ne babu wanda ya taɓa buƙatar sauya ra'ayinsa kan haraji ko ilimi ko kasuwa don ya shiga sabuwar jam'iyya, saboda jam'iyyar ba ta tambaya. A watan Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, matasan Kano sun mamaye dandalin Silver Jubilee suna zanga-zanga, 'yan adawa da dama kuma suka mara musu baya. A zaɓen 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin, kuma wanda ya ci ya sanar da cire shi a jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu. Ko cirewar daidai ce ko kuskure, wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma akwai hujjoji masu nauyi a kowane gefe. Abin da ke damuna shi ne a kan al'amarin da ya fi kowanne taɓa aljihun mai tuƙa Adaidaita Sahu da mai sayen gawayi, ba a yi wa mai zaɓe muhawarar da ta kamata ba kafin ya dangwala.

Hatta batun sarauta, wanda shi ne kan gaba a rigimar NEPU da NPC, ya tashi daga tambayar aƙida ya koma tambayar ɓangare. An raba masarautar Kano gida biyar a 2019, an sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu a 2020, an soke dokar rabawar aka mayar da shi a 2024, amma a duk tsawon wannan dambarwa muryoyin da suka tambayi mene ne aikin masarauta a tsarin mulkin dimokuraɗiyya, da kuma iyakar ikon gwamna a kanta, ba su kai na masu tambayar wane sarki ne namu, wane ne nasu ba.

Saboda haka nake ganin layi ɗaya daga hagu zuwa dama bai ishe mu ba, sai an raba shi zuwa tambayoyi biyu aƙalla, kamar yadda masana siyasa da dama suka daɗe suna yi. Ta farko ta shafi dukiya: nawa ne aikin gwamnati, nawa ne na kasuwa, wa zai biya, wa zai amfana. Ta biyu ta shafi rayuwa da tarbiyya: har ina hukuma za ta shiga sha'anin ɗabi'a, sutura, aure da nishaɗin mutane. Idan aka auna Bakanon da ke zaune a majalisar unguwa da waɗannan tambayoyi, galibi za a same shi yana son makaranta da asibiti kyauta da taki mai rahusa, wanda hagu ne a ma'aunin Turai, yana kuma goyon bayan Shari'a da aikin Hisba, wanda dama ne a wannan ma'auni, kuma shi ba ya ganin wani karo tsakanin biyun, domin a wurinsa duka daga adalcin Musulunci suka fito. Auren zawarawa da gwamnatin jiha ta fara ɗaukar nauyinsa a 2012 ta hannun Hukumar Hisba ya nuna wannan a fili: kuɗin gwamnati ne ake kashewa a kan marasa ƙarfi, don a kare tsarin iyali na addini. Haka ita ma Hukumar Zakka da Hubusi, wadda aikinta karɓa daga mawadata ne a bai wa mabuƙata, bisa umarnin da ya girmi majalisar Faransa da fiye da shekara dubu.

Amfanin raba tambayoyin shi ne yana hana a rufe mana baki da tambaya ta biyu a lokacin da muke neman amsar ta farko. Tun da kusan duk 'yan takarar Kano sun yi tarayya a kan addini da al'ada, bambancin da zai amfane mu yana wajen dukiya, kuma a can ne ba a cika matsa musu ba. Ɗauki rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Manomin shinkafa a Kura da Kadawa da mai injin casa sun ji daɗinsa, mai sayen buhu a kasuwar Singa ya ji a jikinsa, ɗan kasuwar Dawanau mai kai kaya Nijar kuma ya yi asara. Dukansu Kanawa ne, dukansu masu sallah ne, amma bukatunsu sun saɓa, kuma aikin jam'iyya mai aƙida shi ne ta fito ta ce wa za ta fifita, da wane dalili, da kuma abin da za ta yi wa wanda ya yi asara. Haka batun masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da yawancinsu suka durƙushe, yayin da Kantin Kwari ke cike da atamfar da aka saƙa a Sin: mai son a kare masaƙar gida da harajin kwastan da mai son a bar ɗan kasuwa ya shigo da mai araha duk suna da hujja, amma ba za su taɓa zama manufa ɗaya ba.

Babi na biyu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin tsaro da walwalar jama'a, ya hana tattara dukiyar ƙasa a hannun 'yan tsiraru, ya kuma yi alkawarin ilimi kyauta idan hali ya samu, sai dai wani sashe na kundin ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika waɗannan alkawura. Tun da alƙali ba zai tambaya ba, mai ƙuri'a ne kaɗai ya rage. Gwamnatocin Kano na baya-bayan nan, duk da gabar da ke tsakaninsu, kowacce ta yi shelar fifita ilimi, ɗaya ta ayyana shi kyauta kuma dole a 2019, wadda ta gaje ta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2024. Tambayar da za ta bambanta ɗan takara da ɗan'uwansa ita ce daga ina kuɗin zai fito: daga harajin manyan 'yan kasuwa da masu rukunin gidaje, ko daga tikitin da ake yankar wa mai tebur da mai baro kullum, ko daga bashin da 'ya'yanmu za su biya, ko kuma daga rage kuɗin gadar sama da motocin manyan jami'ai. Ina so in ji an yi wa kowane mai neman kujerar gwamna wannan tambaya a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyonmu, a lokacin da ake bai wa sojojin baka, kuma a hana shi tashi daga gaban makirufo sai ya zaɓi ɗaya daga ciki.